Yadda ake maganin zakara mai kai wa mutane hari a tsakar gida

Akwai wani jan zakara da na raina tun yana ɗan tsako, a tafin hannuna ya ci tsaki har ya yi fiffike. Da ya kai wata 7, ran nan ina tsugunne a bakin rariya ina wanke-wanke, sai na ji duka a gadon bayana kamar an jefe ni da hoge. Ko da na waiwaya, shi ne tsaye, gashin wuya a miƙe. Na kore shi da tsintsiya na ci gaba da aikina. Bayan kwana 4 ya tare 'yata mai shekara 3 ta fito daga ɗaki da ƙosai a hannu, ya yi tsalle ya tsaga mata kunci. Tsakanin ciwon da idonta bai fi faɗin yatsa ɗaya ba. Har yau in na ga tabon sai gabana ya faɗi, kuma shi ya sa nake roƙon duk mai kiwon kaji a gida kada ta jira hari na biyu kamar yadda na jira.

Da ke nake magana, uwargida, domin a yawancin gidajenmu kaji na mata ne, mu ke watsa musu dusa, mu ke rufe akurki da magariba. Maigida ma ya saurara, akwai inda aikin zai zo kansa.

Mataki na farko: ki raba shi da yara yau ɗin nan

Kafin ki tsaya neman dalili, ki killace shi. Babba in zakara ya buge shi, a ƙwauri ko cinya abin zai tsaya. Yaro mai rarrafe ko mai shekara 2 zuwa 5 kuwa, fuskarsa daidai take da inda tsallen zakara ke kaiwa. Makaminsa ba baki ba ne kawai. Ki duba bayan ƙafarsa, sama da yatsun, za ki ga wani abu mai tsini kamar ƙaho, shi ne ƙaimi. Da shi yake suka, ƙafa biyu a lokaci ɗaya, yana dukan fiffike.

Kada ki bi shi da gudu da rana kina son kamawa. Za ki gaji, kaji su firgita, shi kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ke abokiyar gaba ce. Ki bari sai bayan sallar isha'i. Kaji ba sa gani sosai a duhu, in sun hau makwanci sai su yi lamo. Ki ɗauki tocila, ki haska ƙasa, ba cikin idonsa ba. Ki ɗora hannu biyu a bayansa ki danne fikafikan a jikinsa, ki ɗago shi ki matse a hammatarki, kansa yana kallon bayanki, ɗaya hannun ya riƙe ƙafafun sama da ƙaimin. In kina tsoro, ki lulluɓa masa tsohon zani ko tawul tukuna.

Riƙon da muka saba gani a kasuwa, a kama ƙafa a bar kai yana reto ƙasa, ki guje shi. In aka kifa kaza haka, kayan cikinta suna danne mata hanyar numfashi, babban zakara mai nauyi yana iya shiɗewa a hannunki, musamman da zafi.

Inda za ki sa shi: keji na katako da ragar waya, kamar mita 1 a kowane ɓangare, a inuwa, da ruwa da abinci a ciki. Babban kwando ya isa na kwana ɗaya ko biyu, a ɗora dutse a kai. Amma kada a kife shi da bahon ƙarfe ko roba, a watan Afrilu rana za ta dafa shi kafin azahar. Ki aje kejin inda zai riƙa ganin kajinsa, hankalinsa ya fi kwanciya. Wasu suna ɗaure shi a turke. In dole ce ta sa, a yi da tsumma mai laushi mai faɗi, domin igiyar leda tana shiga fata ta kumbura ƙafa, kuma ɗaurarren zakara yana iya bugun yaron da ya matso.

Wanda aka ji wa ciwo

Sukar ƙaimi ƙaramin baki gare ta, amma tana da zurfi, kuma ƙafar da ta yi ta wuni take cikin kashin kaji. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ana kwarara ruwan na 'yan mintuna, a sa aidin, a rufe. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. In ciwon ya yi zurfi, ko a fuska yake, ko kusa da gaɓa, a je asibiti a ranar, a tambayi batun allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. In ido ya taɓu ko yaya, ba a kwana da shi a gida. Bayan kwana 2 ko 3 in wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko zazzaɓi ya biyo, a koma.

Mataki na biyu: ki gano abin da ke tunzura shi

Nan ne mutane ke tsallakewa, alhali nan rabin maganin yake. Zakara ba mugunta yake yi ba. Aikinsa a garke shi ne tsaro: shi ke ɗaga kai ya duba sama ko shirwa ko shaho na shawagi, shi ke yin kukan da kaji ke ji su ruga ƙarƙashin rumbu, shi ke tsayawa gaban muzuru. Matsalar ita ce in ya sa mutanen gida cikin jerin abokan gaba, ko ya ɗauke ki a matsayin wani zakaran da ke takara da shi.

Ki fara da shekarunsa. Tsakanin wata 5 zuwa 8 yake balaga, ya fara cara, ya fara bin kaji. Daga nan har ya shekara shi ne lokacin da kansa ya fi zafi. Da yawa suna lafawa bayan haka in an bi da su daidai. Wanda ya wuce shekara 2 yana nan da halinsa, da wuya ya sake.

Sai ki ƙirga kajinki. Zakara 1 ga kaji 8 zuwa 10 shi ne daidai. A gidajenmu kaza takan ƙyanƙyashe 'ya'ya 10, kusan rabi zakaru, mu bar su duka suna girma muna jiran salla. Sai ki tarar da zakaru 5 a kan kaji 6. Gida irin wannan ba ya rabuwa da faɗa, kuma babban cikinsu kullum a fusace yake, kowa ya gifta ya huce a kansa. Sau da yawa rage zakarun nan kaɗai yana gyara shi. Haka matsi: tsakar gidan birni da aka shafe da siminti, ba wurin tono, ba wurin ɓuya. Ki ƙiyasta aƙalla murabba'in mita 1 ga kowace kaza a inda suke wuni, ki zuba musu yashi da toka a wani lungu su yi birgima, ki rataya musu ganyen zogale ko kabeji su sami abin tsattsaga.

Ki kuma sa ido a kan yara, naki da na maƙwabta. Wannan ne na gano a gidana daga baya: in na shiga ɗaki, yaran unguwa suna shigowa su tsokane shi da kara, su tura masa ƙafa ya yi tsalle suna dariya. Su suka koya masa cewa ƙaramin mutum abin bugu ne, 'yata ce ta biya. Haka bin kaji da gudu, ko kama kaza a gabansa tana kyarkyara. Kukan kazar da aka kama kiran yaƙi ne a kunnensa. Duk lokacin da za ki kama kaza, ko ki ɗebi ƙwai a ƙarƙashin mai kwanci, ki rufe shi tukuna.

Daren da kika kama shi, ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ki haska. In ƙwarƙwata ko ƙuma sun cika shi, ba ya samun barci, kuma dabbar da ba ta barci ba ta da haƙuri. Ki nemi hoda a shagon magungunan dabbobi, ki yi wa garken duka da akurkin. Ki duba tafin ƙafa ma ko akwai kumburi.

Mataki na uku: ki koyi karanta shi

Ba ya kai hari ba sanarwa, mu ne ba ma lura. Zai juya miki gefe yana kallonki da ido ɗaya. Zai sauke fiffike ɗaya ƙasa yana jan sa, yana zagaye ki da 'yan gajerun taku, irin rawar da yake yi wa kaza. Zai riƙa tsintar tsakuwa yana yarwa kamar mai kiwo, alhali matsowa yake. In ya sunkuyar da kai gashin wuya ya buɗe kamar lema, saura ƙiris. Kuma ya fi son baya: lokacin da kika juya za ki tafi, ko kika sunkuya kina shara, ko kika tsuguna. Ki koya wa duk mutanen gida waɗannan alamu, har da maigida da ke fita masallaci da asuba.

Mataki na huɗu: horo, sati 3 ba fashi

Bayan ya yi kwana 3 zuwa 7 a keji, ki fara sakinsa a lokacin da yara suke makaranta ko islamiyya. Mutum ɗaya ya ɗauki aikin, kullum, safe da yamma, minti 10 ya isa.

Ki shirya jikinki. Silifas da zani a ƙwauri ba kayan wannan aiki ba ne. Ki sa wando mai kauri a ciki da takalmin ruwa ko sau-ciki. Amfanin wannan ya wuce kare fata: in kin san bugun ba zai ji miki ba, ba za ki zabura ba, zaburar nan kuwa ita yake nema. Ki riƙe garkuwa a hannu, faifai ko murfin babbar tukunya ko tsintsiyar kwakwa mai kauri. Ta tarewa ce, ba ta duka ba.

Ki shiga cikin kajin a natse, ba sauri ba sanɗa. In yana kan hanyarki kada ki kauce masa, ki ci gaba da tafiya kai tsaye har shi ya kauce. In ya fara rawar fiffike, ki tsaya cak ki fuskance shi, ki taka taku ɗaya zuwa gare shi. In ya taso, ki sa garkuwar tsakaninku ki ture shi gefe a hankali, sannan ki bi shi da tafiya, taku biyar ko shida, har ya juya ya ba ki baya. Daga nan ki ƙyale shi. Wannan wurin yana da muhimmanci: da zarar ya janye, faɗa ya ƙare. In kika ci gaba da korarsa, kin koya masa cewa janyewa ba ta da amfani. Abin da kike so ya zauna a kansa shi ne, matsowa ba riba, kaucewa kuma tana kawo zaman lafiya. Kada ki taɓa barin wurin yana bin ki. Ko da sauri kike, ki tsaya har ya juya tukuna.

Abu na biyu shi ne ɗauka. In ya kawo hari kika sami dama, ki danne shi da hannu biyu ki ɗauke shi yadda na faɗa a sama, ki yi ta harkokinki da shi a hammata na minti 10 zuwa 15, a gaban kajinsa. Zai yi ta mutsu-mutsu, ki riƙe. Kada ki sauke shi yana fizga, sai jikinsa ya saki. In za ki sauke, ki aje ƙafafunsa a ƙasa, ki ɗan danne bayansa da tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ki ɗaga hannun. In ya juyo, ki sake ɗauka. A abin da na gani, wannan ya fi ci a kan saurayin zakara da bai shekara ba. Tsoho yakan daina taɓa mai ɗaukarsa, ya ci gaba da bugun sauran mutanen gida, don haka kada lafawarsa a gabanki ta sa ki sake shi cikin yara.

Wajen ba da abinci ma akwai gyara. Ki daina ba shi a hannu. Na lura zakarun da aka shagwaɓa tun suna tsaki, irin nawa, su suka fi raina mutum in sun girma, domin ba su san tazara ba. Ki watsa tsabar nesa da ƙafarki. Za ki ga ya tsinta ya yar yana kiran kajinsa, aikinsa ke nan, ki bar shi ya yi.

Duka kuwa, ki cire shi daga lissafi. Na san haushin da ake ji, na ɗaga muciya ni ma. Amma harbi da ƙafa da jifa da takalmi yaren faɗa ne a wurinsa, an halicce shi ya sha bugu ya dawo. Abin da za ki samu ɗayan biyu ne: karyayyen zakara, ko wanda ya koyi jira sai kin juya baya. Kuma dabba ce da ke ƙarƙashin amanarki. Ya zo a hadisi cewa kada a zagi zakara domin yana tayar da mutane salla. Wanda aka hana zaginsa, ina ga azabtar da shi? Hana shi abinci ko ruwa don ya yi laushi ma zalunci ne, kuma ba ya gyara komai.

Mataki na biyar: a dakusar da ƙaimin

Wannan ba ya sauya hali, rage ɓarna yake yi, a jikin mutane da bayan kaji. Aikin mutum biyu ne, da dare. Ɗaya ya naɗe shi a tawul ya riƙe, ɗaya ya kama ƙafar da kyau. Ƙaimi ƙashi ne mai jini a ciki, da kube mai tauri a waje irin na farce. Tsinin kawai ake so. Ki sa magagari ki goge bakin har ya zama mulmulalle, ko ki datse kamar tsawon ƙwayar shinkafa da babban abin yanke farce sannan ki goge. In kika zarce jini zai fito. Ki danna garin masara ko sitaci a wurin na minti 2 zuwa 3, zai tsaya. Kada a sare shi daga tushe da wuƙa, kada a murɗe shi da filaya. Yana sake tsirowa, don haka ki duba bayan wata 3 ko 4. Ki haɗa da faratan in sun yi tsawo.

Ki duba kajin ma. In kika ga gadon bayan kaza ya zama fili ba gashi, ko ƙeyarta ta tsige, ki ɗaga fiffikenta, sau da yawa akwai tsaga a gefen jiki da ba a gani. Ki ware ta, ki wanke, ki shafa shuɗin maganin ciwon nan na kemis. Yana da amfani biyu, domin kaji suna bin jan abu da sara, shuɗin yana ɓoye jinin. Da damina ki kula da ƙuda kada su yi tsutsa a ciwon.

In zakaru biyu ne ke gwabzawa, ba a sa hannu tsakani. A watsa musu ruwa ko a jefa buhu a kan ɗaya a ɗauke shi. 'Yar hatsaniyar da ɗaya ke gudu ya bar wurin ba komai ba ce, haka suke tsara girma. Wadda ake zubar da jini kullum kuwa, sai ɗaya ya bar gidan. A hana yara haɗa su faɗa don kallo.

Mataki na shida: yanke hukunci

Ki sa wa kanki wa'adi tun ranar farko, sati 3. In ya cika yana kauce miki, ya daina bin baya, ki gwada shi da wani babba a gidan, sannan ki ci gaba da sa ido. In bai sake ba, ko kuwa ya taɓa bugun yaro a fuska ko sau ɗaya ne, ra'ayina a fili yake: ya tafi. Gidan da ke da masu rarrafe ma, ban ga dalilin jiran sati 3 ba sai in akwai wurin da za a killace kajin gaba ɗaya. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Na yi kuka ranar da aka yanka jan zakarana, amma na yi barci da daren nan.

Kada tsoron rasa ƙwai ya hana ki. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ke buƙatarsa. Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata ki bar shi ya yi iri ba: zafin kai yana bin jini, 'ya'yan mafaɗaci sukan ɗauko shi. Kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har sati 2 zuwa 3 bayan rabuwa, saboda haka ƙwan da aka yi a wannan tsakani ki soya, kada ki tara wa mai kwanci.

In yanka za a yi, a kama shi da dare a aje a kwando da ruwa, da safe maigida ya wasa wuƙa sosai, ba a gabansa ba, a yanka nesa da sauran kajin, a gama da sauri. Naman zakaran gida da ya shekara yana da tauri, farfesu ko dambu ya fi dacewa da shi, a bar shi ya daɗe a wuta. In sayarwa za ki yi, ki faɗi aibinsa. Ki ce wa mai saye na yanka ne, yana bugun mutane. Kada ki miƙa wa maƙwabciya mai yara kyauta ki yi shiru, kin mayar da haɗarin gidanta ne kawai.

Wajen zaɓen magaji, ki fi son wanda kika san gidan da ya fito. Ki tsaya ki kalle shi cikin garke: wanda in kin matso yake matsawa gefe ba tare da firgita ba, wanda ke kiran kaji ga abinci kafin ya ci, shi ne naki. In kina da ƙananan kajin gida, ki yi tunani kafin ki sa musu ƙaton zakara irin Noiler, nauyinsa kaɗai yana iya raunata su. Wanda aka sayo a kasuwa kuma kada ya shiga garke kai tsaye. Ki ware shi aƙalla sati 2, nesa da sauran, da kwanon ruwansa daban, musamman da hunturu lokacin da cutar Nukasil ke share akurki a kwana kaɗan. Akwai rigakafinta, har da wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ki tambayi malamin dabbobi na yankinku a yi wa garken duka. In sati 2 na warewar sun cika lafiya, ki matso da kejinsa inda kajin za su riƙa ganinsa ta raga na kwana 3, sannan ki ɗora shi a makwanci cikinsu da dare. Washegari ki fito da wuri ki tsaya a kansu, takalminki a ƙafa, kuma tun daga safiyar nan in ya tsaya a hanyarki, ki wuce kai tsaye ya kauce.